Shirin Sam Cooper ya tsaya a kashi na 13: ina ci gabansa, kuma laifin wa?

Ɗan Runjin Sambo ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya a kan wani shirin talabijin na Amurka da na gama kallo a makon jiya, wanda har yanzu bai fita daga raina ba. Sunansa Criminal Minds: Suspect Behavior, kuma Forest Whitaker ne ya fito a cikinsa a matsayin Sam Cooper, shugaban wata 'yar ƙaramar tawagar jami'an FBI da ke farautar masu kisan kai ta hanyar nazarin halayyarsu.

Mafarin abin shi ne, na kai wayata wurin wani yaro mai tura fina-finai a kusa da Babbar Kasuwa domin ya zuba mini Criminal Minds na asali, sai ya ce ai yana da ɗan'uwansa ma, kuma jarumin shi ne mutumin nan da ya taɓa fitowa a matsayin Idi Amin. Da jin haka na ce ya haɗa mini da shi. A cikin zafin bazarar nan da babu mai iya kwana a ɗaki, ni da ƙanen mahaifina mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i, mu jingine wayar a jikin buta, mu kalli kashi ɗaya ko biyu, ina fassara masa abin da ya kuɓuce masa. Baffa mutum ne da ba ya iya zaman kallon fim na minti goma, amma Cooper ya riƙe shi, har ta kai idan na makara a wurin aiki sai in tarar ya riga ya shimfiɗa tabarmar yana jirana. Abin da yake yawan faɗi shi ne, wannan mutumin ba ya ɗaga murya, amma idan ya yi magana kowa sai ya saurara.

To, a kashi na 13 an sace Beth Griffith, ɗaya daga cikin 'yan tawagar, aka tsare Cooper da zaɓin da babu mai daɗi a cikinsa, aka ji ƙarar harbi, daga nan shirin ya yanke. Washegari na koma wurin yaron nan na ce ya ba ni zango na biyu. Ya duba kwamfutarsa, ya duba ta maƙwabcinsa, ya buga waya ga wani abokin sana'arsa, daga ƙarshe ya ce mini iya abin da yake da shi ke nan. Baffa kuwa kullum sai ya tambaye ni ko an samo, kuma na rasa amsar da zan ba shi.

Don haka nake roƙon masu sani su taimaka mini. Shin akwai ci gaban wannan shiri a wani wuri, ko da a cikin shirin na asali ne aka ƙarasa labarin? Idan kuma babu, mene ne ya sa aka dakatar da shirin da ke da jarumi irin wannan, alhali uwar da ta haife shi ta yi shekara da shekaru ana kallonta? Na fi son in fahimci ko Cooper ɗin ne bai karɓu ba, domin ni a wurina shi ne abin da ya fi komai kyau a cikin shirin. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Sakandare, Mabera, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka daina wahalar da yaron nan, domin gaskiya ya faɗa maka. Zango ɗaya kaɗai aka yi, kashi 13, kuma babu inda aka ƙarasa labarin. Tashar CBS ta fara nuna shirin ranar 16 ga Fabrairu, 2011, ta sanar da soke shi a tsakiyar watan Mayu na shekarar, sannan kashin ƙarshen da ka kalla ya fita ranar 25 ga Mayu. Ka ga ke nan a lokacin da masu kallo a Amurka suka ji ƙarar harbin nan, an riga an yanke wa shirin hukunci, sai dai an ɗauki kashin tun kafin hukuncin, da fatan za a dawo a warware. Shirin na asali kuwa ya ci gaba da harkokinsa bai waiwayi tawagar Cooper ba.

Akwai abu ɗaya da ya rage maka wanda za ka iya kai wa baffanka, kuma yana cikin wayarka idan yaron ya zuba maka zango na biyar na Criminal Minds. Ka nemi kashi na 18, mai suna The Fight, wanda aka nuna ranar 7 ga Afrilu, 2010. A can ne aka fara gabatar da Cooper, inda Aaron Hotchner, shugaban tawagar shirin na asali, ya haɗa kai da shi a birnin San Faransisko a kan kashe-kashen wasu marasa galihu masu kwana a titi. Al'adar tashoshin Amurka ce idan suna son tsiro da reshe daga wani shiri, sai su cusa sababbin jaruman a cikin kashi ɗaya na uwar, su ga yadda jama'a za su karɓe su. Za ka lura babu Beth a wannan kashi, domin daga baya aka ƙaro Janeane Garofalo da ta taka rawarta.

Game da dalilin sokewa, sai ka fara fahimtar yadda kasuwar take a wancan lokaci. Manyan tashoshin Amurka da talla suke rayuwa, kuma a kowane watan Mayu suna tara masu ba da talla a New York su baje musu jadawalin shirye-shiryen kaka mai zuwa. Kafin wannan taro dole ne kowace tasha ta yanke shawarar wanda zai zauna da wanda zai tafi. Shirin da aka fara a watan Fabrairu, a tsakiyar shekarar kallo, yana da wata uku ne kacal da zai nuna ƙwazonsa. An ba wa shirin Cooper wuri mai tsoka, wato daren Laraba da ƙarfe goma, daidai bayan uwar ta gama. Irin wannan wuri gata ne, amma yana tafe da sharaɗi mai nauyi, domin abin da tasha ke dubawa shi ne mutum nawa daga cikin waɗanda suka kalli uwar suka zauna suka kalli ɗan, musamman 'yan shekara 18 zuwa 49 waɗanda masu talla suka fi biya dominsu. Miliyoyin mutane sun kalli shirin, amma yawansu ya ragu daga yadda aka fara, kuma CBS a lokacin ita ce ta fi kowace tasha masu kallo, saboda haka adadin da wata tasha za ta yi murna da shi, a wurinta bai kai ba. Da kaka ta zo sai ta ɗauko wani shirinta mai suna CSI daga daren Alhamis ta dasa shi a wannan gurbin.

Akwai kuma wani abu da waɗanda suka bi shirin a lokacinsa ba za su manta ba. A zango na shida na uwar, wanda ya zo daidai da fitowar reshen, an sallami A.J. Cook da ke fitowa a matsayin JJ, aka kuma rage fitowar Paget Brewster mai taka rawar Emily Prentiss har aka fitar da ita daga labarin. Masu kallo sun fusata ƙwarai, suka yi ta rubuce-rubucen koke a intanet, kuma da yawa daga cikinsu sun ɗauka cewa an rage matan nan ne domin a samu kuɗin ciyar da sabon shiri mai babban jarumi. Wannan zato, ko da wane irin tushe yake da shi, ya sa mutanen da ya kamata su zama na farko wajen rungumar Cooper suka tarbe shi da fushi. Abin lura shi ne, a zango na bakwai an dawo da matan biyu, a daidai lokacin da reshen ya riga ya bushe.

Kada ka ɗauka cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe a wannan harka. A watan Mayun nan dai tashar NBC ta soke Law & Order: LA, shi ma reshen wani shiri ne, bayan zango ɗaya, alhali wani reshen gidan nasu, Special Victims Unit, tun 1999 yake tafiya. Ita kanta Criminal Minds ta sake gwada wani reshen a 2016, Beyond Borders, da Gary Sinise a gaba, ya yi zango biyu ya tsaya, yayin da uwar da ta fara a 2005 ta kai zango 15 kafin ta huta a 2020, ta kuma dawo a 2022. A ganina kasuwa da lokaci ne suka ci shirin nan, Cooper ba shi da laifin da ya kai na kora.

Uwar Biyu, Arkilla, ta amsa:

Allah ya gafarta Malam, bayaninka a kan kasuwa ya gamsar da ni, amma ina neman izini in saɓa maka a kan jimlarka ta ƙarshe. Ni ma ina cikin masu ƙaunar Whitaker, kuma saboda shi na sayi faifan shirin a shekarun baya, lokacin da ake zuba zango guda a faifai ɗaya. Sai dai ina ganin akwai rauni a yadda aka gina Sam Cooper, kuma wannan raunin yana cikin abin da ya hana mutane zama.

Ƙanena mai tambaya, ka tuna yadda muka san mutanen shirin na asali. Spencer Reid a zango na biyu aka sace shi, aka azabtar da shi, aka yi masa allurar ƙwaya a kan idonmu, sannan muka bi shi makonni yana fama da abin da ya biyo baya. Hotchner kuwa, a kashi na 100, yana riƙe da waya yana jin muryar Haley, uwar ɗansa, lokacin da George Foyet ya kashe ta. Daga wannan rana duk sanda Hotchner ya yi shiru a gaban wani uba da ya rasa iyalinsa, mun san abin da ke cikin shirun, domin muna wurin lokacin da aka yi masa tabon. Shi kuwa Cooper an kawo mana shi ne da tabonsa a rufe. Ana ta nuna mana cewa ya ga abubuwa a baya, cewa ya taɓa barin aikin sannan ya dawo, cewa manya na girmama shi, amma duk ji muke yi, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Marubutan sun ajiye tarihinsa kamar hatsi a rumbu suna jiran zango na biyu da na uku, sai damina ta wuce ba a buɗe rumbun ba.

Abu na biyu shi ne, an kawo shi a matsayin wanda ya riga ya kammala. Shi ne mai hikima, shi ne mai haƙuri, shi ne mai hango abin da wasu ba su hango ba, kuma 'yan tawagarsa kusan kullum almajirai ne a gabansa. A shirin na asali za ka ga Derek Morgan ya ja da Hotchner, ko David Rossi ya yi gaban kansa, har a yi zafi a kan yadda za a bi wani bincike. A nan Beth ce kawai take ɗan tanka masa, ita ma ba a ba ta fili sosai ba. Jarumin da babu mai ja da shi, kuma ba ya kuskuren da zai biya farashinsa, mai kallo zai girmama shi, amma ba zai ji tsoron abin da zai same shi ba, kuma wannan tsoron ne ke sa mutum ya dawo mako mai zuwa. Ka duba da kyau, kashin da ya hana ka barci shi ne na 13, kuma shi ne karon da aka fi matse Cooper a lungun da hikimarsa ba ta isa ta fitar da shi ba. Da an yi masa haka a kashi na uku, da wataƙila labarin ya bambanta.

Ba na ɗora wa Whitaker wannan. Mutumin ya ci kyautar Oscar a 2007 saboda rawar Idi Amin, shi ne baƙar fata na huɗu da ya ci ta a rukunin gwarzon jarumi, kuma tun 1988 ya ci kyautar jarumi a bikin Cannes na Faransa. Salon wasansa na mai natsuwa ne: ya sunkuyar da kai, ya ja numfashi, ya bar jimla a rataye kafin ya ƙarasa ta, ga kuma fatar idonsa na hagu da ta ɗan sauka, wadda ke sa fuskarsa ta zama kamar rabinta na kallonka rabinta na tunani. Akwai wuraren da ake nuna shi shi kaɗai yana atisaye da sanduna irin na faɗan mutanen Filifin, wanda da ma ya koya a rayuwarsa ta zahiri, kuma a waɗannan 'yan daƙiƙu nakan ji na fi kusa da sanin Cooper fiye da duk maganganun da aka rubuta masa. Matsalar ita ce irin wannan wasa yana buƙatar sarari, shi kuwa shirin bincike na minti arba'in da 'yan kai an riga an yanka shi gunduwa-gunduwa: a tsinci gawa, a zana siffar mai laifi, a kira Penelope Garcia ta binciko a kwamfuta, a fasa ƙofa. Wanda ya ga Whitaker a zango na biyar na The Shield a 2006, inda ya fito a matsayin Jon Kavanaugh yana bin sawun ɗan sanda ɗaya har bin ya fara cin hankalinsa, ya san abin da yake iya yi idan aka ba shi labari ɗaya mai tsawo.

Ita kanta Garcia da aka aro daga uwar domin ta haɗa gidajen biyu, ta zama kamar baƙuwa a wurin. Abin da ke sa a so ta shi ne wasan da ke tsakaninta da Morgan, kuma ba a zo da Morgan ba.

Tsohon Ɗan Sanda, Gawon Nama, ya amsa:

Ina gaishe da Malam, ina gaishe da Hajiya. Ni ban iya nazarin wasan kwaikwayo ba, amma na yi shekaru a sashen binciken manyan laifuka kafin in ajiye aiki, saboda haka ta wannan ƙofa zan shigo. Jikana ne ya nuna mini shirin.

Idan ana maganar kama da gaskiya, tawagar Cooper ba za ta tsaya ba. An ce mana su 'yan wani rukuni ne da ake kira Red Cell, ba sa bin matakan ofis, kai tsaye suke ba da rahoto ga daraktan FBI, wanda Richard Schiff ya fito a matsayinsa. A cikinsu akwai Jonathan Simms da ake yi wa laƙabi da Prophet, tsohon fursuna da ya yi zaman gidan yari saboda ya kashe mai lalata da yara, akwai kuma Mick Rawson, tsohon maharbin sojan Birtaniya. A zahiri hukumar FBI ba ta ɗaukar wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi a matsayin jami'i, kuma sai ɗan ƙasar Amurka take ɗauka. Sashen nazarin halayyar masu laifi kuwa gaskiya ne akwai shi, a Quantico da ke jihar Birjiniya, kuma asalinsa tun 1972 ne. Mutane irin su Robert Ressler da John Douglas sun bi gidajen yari suna zama da masu kisa, har suka tattara hirarraki da 36 daga cikinsu, kuma a kan irin wannan aiki aka gina fannin. Amma yawancin aikinsu na karatun fayil ne da ba wa 'yan sandan gari shawara. Fasa ƙofa da bindiga a hannu aikin wasu ne.

Wanda duk ya yi aikin damara ya san cewa jami'in da ba ya bin mataki, ko da ya kama mai laifi, lauya zai kwance masa aikin a gaban alƙali, domin shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba takan zama abin jayayya. Saboda haka wannan ɓangare na shirin bai burge ni ba.

Duk da haka, Hajiya, zan tsaya wa Cooper a kan abu ɗaya, kuma shi ne ina jin ya riƙe baffan yaron nan. A kashi na farko an sace wata yarinya farar fata a Cleveland, gari ya ɗauka, 'yan jarida da 'yan sanda suka cika unguwar. A cikin wannan hayaniya wata uwa baƙar fata ta zo tana cewa ita ma 'yarta ta ɓace kwanaki kafin nan, babu wanda ya kula. Cooper ya tsaya ya saurare ta, kuma sauraron nan ne ya buɗe binciken. Wallahi da na ga wurin nan sai da na sa jikana ya mayar da shi baya. Na tuna wata tsohuwa da ta taɓa zuwa ofishinmu daga wani ƙauye, da ƙullin goro a bakin zanenta, ta wuni a kan benci tana jiran wanda zai ji ƙorafinta a kan jikanta da ya fita kiwo bai dawo ba, alhali duk hankalinmu yana kan satar da aka yi a gidan wani mai hali. Sai bayan la'asar na zauna da ita, kuma abin da ta faɗa mini a cikin minti goma, da na ji shi da safe, da mun rage wa kanmu tafiyar kwana biyu. Yaron an same shi da rai, alhamdu lillahi, amma wunin da ta yi a kan bencin nan har yau yana damuna.

Binciken gaske yawancinsa sauraro ne: ka zauna da mai unguwa, da mai shayi, da 'yan achaba na bakin layi, ka bar mutum ya yi ta kewaye har ya iso inda kake jira. A cikin jaruman irin waɗannan shirye-shirye da jikana ya nuna mini, Cooper ne na ga ya fi iya wannan zama. Kin ce ba a nuna mana tabonsa ba, na yarda. Amma mu da muka yi aikin mun san manyan da suka koya mana sana'a ba su taɓa zaunar da mu suka ba mu tarihin abin da ya same su ba. A yadda suke tambayar mai ƙara muke gane cewa sun sha wuya.

Mai Rubuta Wasanni, Tudun Wada, ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta sa na ga cewa kai da Hajiya kowa ya kama gefe ɗaya ne na abu guda. A rayuwa ana gane mutum ta ɗabi'arsa a hankali, cikin shekaru, shi kuwa marubucin talabijin makonni aka ba shi, kuma idan ya yi rowar jaruminsa a makonnin farko, ba lallai ne a ba shi na gaba ba.

Ni abin da ya fi ci mini rai, a matsayina na mai ɗan taɓa rubutun shirye-shirye masu dogon zango, shi ne yadda aka rufe zangon. Waɗanda suka tsara shirin, Edward Allen Bernero da Chris Mundy, sun san kashi 13 aka ba su, sun kuma san ba a yi musu alkawarin ƙari ba. Rataye labari a irin wannan hali caca ce da amanar mai kallo, domin ana yi ne da fatan jama'a za su matsa wa tasha ta dawo da shirin. Idan cacar ba ta ci ba, tasha ta wuce, 'yan wasa sun samu wani aiki, wanda aka bari da bashi shi ne mai kallo, ga shi har bayan shekara goma da ɗoriya wani dattijo a Runjin Sambo yana tambayar abin da ya sami Beth. Mu ma a nan muna yin haka. Na taɓa rubuta wa wani mai shiryawa zango guda na wani shiri da ake ɗorawa a YouTube, ya nace sai an ƙare da jaruma a gadon asibiti ba a san ko za ta tashi ba, na bi shi a kan haka, kuɗin zango na biyu bai samu ba, kuma har yau akwai masu tsayar da ni a hanya suna tambaya. Tun daga nan nake rufe babban ƙullin kowane zango, in bar ƙaramin zare ɗaya kawai wanda za a iya kamawa idan Allah ya sa an dawo.

Wani abin da ke nuna cewa ba 'yan wasan ne suka gaza ba shi ne inda suka je daga baya. Michael Kelly da ya fito a matsayin Prophet ya yi suna a House of Cards daga 2013, Matt Ryan da ya taka Mick ya zama jarumin Constantine a 2014, shi kuwa Whitaker ya dawo talabijin a 2019 da Godfather of Harlem a matsayin Bumpy Johnson, inda aka ba shi labari mai tsawo irin wanda Hajiya ta ce yana buƙata, kuma wannan karon shirin ya wuce zango ɗaya.

Ɗan Runjin Sambo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya ƙara sani. Na duba wayata kamar yadda Malam ya ce, na kuwa sami kashi na 18 na zango na biyar, kuma daren jiya muka kalle shi ni da Baffa. Kafin mu fara na gaya masa gaskiya cewa babu zango na biyu, kuma ba za a yi ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko mutanen da suka yi shirin suna raye, na ce masa jarumin yana nan yana ta aiki. Ya ce to ai da sai a tambaye shi wa aka harba.

Na karanta masa amsoshinku duka, ina yi ina tsayawa. Da na zo kan maganar Hajiya cewa ba a matse Cooper da wuri ba, ya gyaɗa kai ya ce haka ne, sai a ƙarshe ya ga mutumin ya ji tsoro. Da na zo kan labarin tsohuwar da ta wuni a kan benci kuwa, sai ya sa na maimaita masa, ya ce in isar da gaisuwarsa ga Baba na Gawon Nama. Ni dai har yanzu ina tare da Cooper, amma na yarda cewa abin da nake so a wurinsa yawancinsa daga fuskar Whitaker na karanto shi, ba daga abin da aka rubuta masa ba. Baffa ya ce yau mu koma kashi na farko, yana son ya sake ganin wurin da matar nan ta tsayar da Cooper a Cleveland.